Tafiya Gashaka-Gumti: mu hau Chappal Waddi ko mu shiga kurmi?

Auwal Zazzau:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san jihar Taraba. Mu shida ne, abokai tun daga makaranta, mun daɗe muna adashe don mu je Gandun Dajin Gashaka-Gumti a hutun ƙarshen shekara. Burinmu mu hau Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mu kuma ga biran nan cimpanzi da ake ta faɗa. Mako guda ke gare mu har da zuwa da dawowa. Motar ɗaya daga cikinmu za mu shiga, ƙarama ce amma lafiyarta ƙalau. Wace hanya za mu bi daga Zariya? Wane wata ya fi? Kuma sai an nemi izini ne, ko mutum kai tsaye yake shiga?

Kawu Sale:
Wa alaikumus salam. Auwal, kafin a yi maganar hanya, ni tambayata ita ce me ya yi zafi? A wannan zamanin da mutum ke fita Kaduna ma sai ya bar wasiyya, ku ɗauki ƙafa ku shiga daji a bakin iyakar Kamaru? In dabbobi kuke son gani ga Yankari nan, akwai ɗakunan kwana, akwai ruwan Wikki, mota za ta zaga da ku. Iyayenku sun san da wannan shiri kuwa?

Baffan Serti:
Barka da niyya, ɗana Auwal. Kawu Sale, ka bar ni in fara amsa masa, zan dawo kan maganarka don tana da muhimmanci.

Abu na farko da ya kamata ka gane: abin da ka lissafa tafiya biyu ce, kuma taura biyu ba ta taunuwa a mako guda. Gandun nan faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, shi ne mafi girma a ƙasar nan, ya taso daga Taraba ya shiga Adamawa. Ɓangaren arewa, wato Gumti, ta Toungo ake shigarsa, fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Ɓangaren kudu, Gashaka, shi ne mai duwatsu da kurmi, kuma babban ofishin gandun yana nan wajenmu a Serti.

To a nan kudun ma hanya biyu ce. Mai son cimpanzi da kurmi, daga Serti zai shiga ta ƙofar Bodel, ya haye kogin Mayo Kam, ya kai ƙauyen Gashaka, daga can ya taka zuwa Kwano inda masu bincike suka yi sansani. Mai son kan Chappal Waddi kuwa, yawanci wuce Serti yake yi, ya hau tsaunin Mambila, ya sauka Nguroje, ya hau acaɓa zuwa Njawai, sannan a fara takawa. Ana iya ratsawa ta cikin daji daga Gashaka har saman dutsen, amma wannan tafiyar kwanaki ce masu yawa da 'yan dako da guzuri, ba ta mai hutun mako guda ba ce.

Ka lissafa da kanka. Zariya zuwa Jalingo ta Bauchi da Gombe da Numan, yini guda ya tafi. Jalingo zuwa Serti ta Garba Chede da Bali, wani rabin yinin ko fiye, gwargwadon halin hanya. Dawowa haka. Me ya rage maka? Ka zaɓi ɗaya ka yi shi da natsuwa.

Auwal Zazzau:
Na gode Baffa, Allah ya ƙara girma. Wallahi a taswirar waya sai na ga duk wuri ɗaya ne. To in kai ne wanne za ka zaɓa mana?

Baffan Serti:
Ni kurmi zan ce, amma ni ɗan ƙasa ne, bari 'yan sama su zo su kare nasu.

Ɗan Gembu:
Ga ni na zo, Baffa. Auwal, ku hau dutse. Dalilina shi ne hanyar kaɗai ta isa abin zuwa. Da kun bar Mayo Selbe titi zai fara nannaɗewa yana hawa, lanƙwasa bayan lanƙwasa, gefe guda dutse gefe guda rami. Akwai wurin da ake kira Hawan Biyu da Sisi. Kuna hawa za ku ji kunnuwanku suna toshewa, zafin da kuka baro a Serti yana janyewa, har wani ya fara laluben rigar sanyi. In kun kai sama sai ƙasa ta buɗe: tuddai marasa iyaka, ciyawa, shanu jajaye da farare a warwatse, layin itatuwan turare a gefen gidaje. Mambila tana kai mita 1,600 sama da teku a matsakaici, Jos kuwa wajen 1,200 ce, ka ga bambancin. Ga gonar shayi a Kakara, ga dajin Ngel Nyaki kusa da Yelwa in lokaci ya ba ku.

Amma motarku ita ce matsala. Ba hawan nake ji ba, saukowar nake ji. Direban da ya saba da shimfiɗaɗɗen titin Zariya zuwa Kano zai ɗora ƙafa kan birki tun daga sama, birkin ya yi zafi ya daina kamawa. Da giya ake saukowa Mambila. In direbanku bai taɓa irin wannan hanya ba, ku aje motar a Serti ku shiga ta haya, direbobin layin sun san kowace kwana. Kuma kada ku yarda ku hau ko ku sauko da dare, ko cikin hazo mai kauri.

Sadiya Mai Binciken Dabbobi:
Ina wuni jama'a. Yaya Auwal, akwai abin da ya kamata a gaya maka tun yanzu game da cimpanzi don kada ranka ya ɓaci a can. Ba gidan zu ba ne. Na Gashaka irin da ake kira na Najeriya da Kamaru ne, shi ne mafi ƙarancin yawa a cikin ire-iren cimpanzi 4 da ake da su, kuma gandun nan yana cikin manyan mafakarsu da suka rage. Suna gudun mutum. Kana iya kwana a Kwano ka ji ihunsu da asuba, ka ji suna dukan saiwar manyan itatuwa ƙarar na amsawa cikin kwari, amma ido bai gan su ba.

Abin da kusan tabbas za ka gani shi ne sheƙarsu. Kowane dare cimpanzi yana lanƙwasa rassa a saman itace ya yi wa kansa sabon makwanci. Malamin daji zai ɗaga maka yatsa ya nuna, ya ce wannan ta jiya ce don ganyen bai yi yaushi ba, waccan ta kwana biyu. Wani lokaci a ƙasa za ka tarar da tsinkayen da suka fere suka bari. Masu bincike da suka fara aiki a can tun shekarar 2000, ƙarƙashin Farfesa Volker Sommer na wata jami'a a Landan, sun gano cewa da sanduna suke zaƙulo zuma, da su kuma suke kwasar kwarkwasa su ci, amma ba sa cin gara duk da tana nan, alhali 'yan uwansu na gabashin Afirka gara ce abin marmarinsu. Ni wannan kaɗai ya ishe ni dalilin zuwa.

Sauran birai kam za ka gani har ka gaji, bika da masu farin hanci da masu dogon gashi baƙi da fari. Dorina tana nan a wani gurbi na Mayo Kam. Tsuntsaye an ƙirga sama da iri 500 a gandun.

Kawu Sale:
Duk na ji, amma har yanzu ba wanda ya amsa mini. Tsaro fa?

Baffan Serti:
Kawu Sale, ba zan ce maka babu komai ba. Malaman daji sun sha arangama da mafarauta da masu saran itace, an ma rasa rayuka a cikinsu. Shekarun da aka yi rububin madobiya, wadda a nan ake ce wa madrid, tireloli ne suke fita da gungume dare da rana daga yankin Bali da Gashaka ana kai wa Sin, kuma duk inda kuɗi irin wannan ya shiga daji sai ya jawo mutanen banza. Hanyoyin Taraba ma akan samu lokacin da wani yanki ya ɗau zafi.

Abin da ya sauya shi ne tun 2017 Hukumar Gandayen Daji ta Ƙasa ta ƙulla yarjejeniya da gidauniyar Africa Nature Investors suna tafiyar da gandun tare. An ɗauki samarin yankin aikin gadi, an horar da su, ana sintiri fiye da da. Shi ya sa amsar tambayar Auwal ta uku ita ce amsar taka: ba a shiga kai tsaye. Ofis za ku fara zuwa a Serti, a rubuta sunayenku, ku biya kuɗin shiga a ba ku rasit, a haɗa ku da malamin daji. Su ne suka san inda ake zuwa a wannan makon da inda ba a zuwa. In suka ce kar ku bi wuri kaza, ku bar shi ko da shi ne kuka zo dominsa. Ku tuntuɓe su tun kuna gida, ku sake tuntuɓa ana jibi za ku taso. Sannan tafiyar rana kawai, la'asar ta same ku a masauki.

Yankari wuri ne mai kyau, ban raina ta ba, amma babu kurmin kan dutse a can.

Kawu Sale:
To wannan magana ce. Ni dai sharaɗina, Auwal, ka gaya wa mahaifiyarka gaskiyar inda za ka, kar ka ce mata Jalingo za ka ɗaurin aure. In ta ce a'a, a'a ce.

Auwal Zazzau:
In sha Allahu Kawu. Ta sani, addu'a ma take ta yi, sharaɗinta in riƙa kira kullum.

Ɗan Gembu:
To wannan alkawarin kar ka ɗauka, don ba za ka iya cikawa ba. Serti da Nguroje da Gembu akwai sabis. Da kun nausa sai a hankali, wani wurin sai an hau tudu ake samun sanda ɗaya, wani wurin layin Kamaru ne ma zai shigo. Ka gaya wa Hajiya ranar da za ku shiga da ranar da za ku fito, ka ba ta lambar wani a ofis, don kada shirun kwana biyu ya ɗaga mata hankali.

Maman Iman:
Sannunku. Ina ta bibiya shiru. Ni da maigidana da ƙanwata mun daɗe da wannan buri, amma duk wanda na tambaya sai ya ce ba wurin mata ba ne. Don Allah a gaya mini gaskiya, mace za ta iya hawa Chappal Waddi?

Kawu Sale:
Hajiya, da yara a gida? Ni ban ga dalili ba.

Buba Mayo Ndaga:
Anti Maman Iman, matan da ke zaune a kan waɗannan tuddai kullum suna hawa da sauka da ƙwaryar nono a ka, wata da goyo a baya. Mata baƙi ma suna hawa. Chappal Waddi ba dutsen igiya ba ne, ba a rarrafe a jikin bango. Tafiya ce doguwa a cikin ciyawa, hawa da gangara, a tsallake rafi, a sake hawa. Abin da yake karya mutane shi ne tsawon tafiyar da rashin sabo, namiji ne ko mace. Da ma acaɓar da za ta kai ku gindin dutsen, don wani ya fi jin jiki a kanta fiye da takawar.

Shawara ɗaya: ki sa wando mai kauri a ƙarƙashin doguwar riga, hijabin kuma madaidaici wanda iska ba za ta riƙa ja ba, don iskar sama tana da ƙarfi. In kun sauka a rugar da za ku kwana, matan gidan za su ja ki ɗakinsu, za ki fi mazan jin daɗin masauki.

Nas Hadiza:
Maman Iman, ki je abinki in dai lafiyarki ƙalau. Bari in yi wa kowa bayani ta ɓangarenmu.

Tsawon dutsen mita 2,419 ne. Ciwon da ke kama masu hawan manyan duwatsu saboda ƙarancin iska yawanci daga mita 2,500 yake farawa, don haka ba irin Kilimanjaro mai mita 5,895 ba ne. Za ku yi haki fiye da yadda kuka saba, shi ke nan. Amma mai hawan jini da bai daidaita ba, mai ciwon zuciya, mai asma, mai sikila, da mai juna biyu, su ga likita kafin su sa rana. Mai sikila musamman, sanyi da gajiya da ƙishirwa duk suna tayar da ciwon, ga asibiti da nisa.

Ku fara atisaye tun yanzu. Tafiyar sa'a guda kullum da jaka a baya, ku riƙa hawa bene ko wani tudu a garinku. Takalmin da za ku je da shi ku fara sa shi tun yanzu ya saba da ƙafa, sabon takalmi a kan dutse bororo yake kawowa tun ranar farko. Safa mai kauri, fiye da ƙafa ɗaya.

Ruwan rafi komai haskensa a tafasa, don shanu suna sha a sama. Ku riƙe gishirin ORS, filasta, bandeji, maganin ciwon jiki da na zazzaɓin cizon sauro. Masu zuwa kurmi su ne suka fi bukatar gidan sauro da dogon hannu, akwai ƙudan tsando da wasu ƙananan ƙudaje masu cizo a bakin ruwa. Maciji kuma, kar a taka ciyawa da silifa, kar a fita fitsari da dare babu tocila, a kakkaɓe takalmi da safe. In tsautsayi ya faɗa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau. A hana ƙafar motsi a nemi asibiti.

Sadiya Mai Binciken Dabbobi:
Ƙari kan maganar Anti Nas: mai mura ko tari kar ya bi sawun cimpanzi. Cutar numfashinmu tana kama su, kuma murar da za ta kwantar da kai kwana biyu tana iya kashe su. Kar a ba birai abinci, kar a bar leda.

Auwal Zazzau:
Allah ya saka da alheri. Saura maganar wata. Mu hutunmu ƙarshen Disamba ne.

Baffan Serti:
Damina dai a cire ta. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa ne, a Kwano abin da ke sauka a shekara yakan kusanci milimita 2,000. Mayo Kam in ta cika mota ba ta hayewa sai kwalekwale, hanyoyin acaɓa kuma su zama taɓo. Disamba zuwa Maris shi ne lokacin baƙi. Ga mai son dabbobi ni Fabrairu na fi so, ciyawa ta kwanta, ruwa ya ja baya, dabba dole ta zo rafi. Sai dai ƙasa akwai zafi a lokacin.

Ɗan Gembu:
A nan ne zan saɓa da Baffa. Ga mai hawan dutse Fabrairu ba ta da daɗin ido. An ƙona ciyawa, tuddai sun yi baƙi, ga ƙurar hunturu ta rufe nesa. Ka sha wahala ka kai ƙololuwa, ka duba ɓangaren Kamaru ka ga fari fat. Ni a wurina daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba ya fi: ruwa ya ɗauke, ƙasa na nan kore, sama a wanke. Ƙarshen Disamba da kuke da shi ba laifi, amma ku sa a ranku za ku iya tarar da hazo, kuma sanyin dare a sama ba wasa ba ne. Bahaushe yana jin Taraba sai ya ɗauka zafi. Ku zo da rigar sanyi ta gaske, hular sanyi, safar hannu, da bargo ko jakar barci. Ruwan alwalar asuba sai an ɗora a wuta.

Malam Habu:
Tunda an zo kan alwala. Tafiyarku ta wuce nisan kasaru nesa ba kusa ba, don haka Azahar da La'asar da Isha raka'a bibbiyu ne muddin ba ku yi niyyar zaman kwana 4 a wuri ɗaya ba. Kuna da sauƙin haɗa Azahar da La'asar in tafiya ta miƙa. Ku duba alƙibla tun kuna da caji, ko ku tambayi mutanen rugar, Musulmi ne, tare za ku yi jam'i. Masu shirin Fabrairu ko Maris kuma su duba kalanda kada ya faɗo cikin azumi. Kawu Sale, fita don ganin halittar Ubangiji abu ne mai kyau in an kiyaye salla da haƙƙin iyaye.

Injiniya Nura:
Ni akwai abin da ke damuna da na ji ana ta maganar ruga da shanu. Ashe ba gandun ƙasa ba ne? Me shanu suke yi a ciki? Ga shi Ɗan Gembu ya ce ana ƙona ciyawa duk shekara. In ana son wurin ya tsira ai sai a fitar da kowa, a bar dabbobin daji su sake.

Buba Mayo Ndaga:
Injiniya, da sauƙin faɗa daga birni. Mutanen nan gandun ne ya same su a wurin. An fara keɓe dajin a farkon shekarun 1970, aka haɗa Gashaka da Gumti aka mayar da shi na ƙasa a 1991, shekarar da aka ƙirƙiri jihar Taraba. Da aka zo shata iyaka, hukuma da kanta ta ware wasu wurare a ciki, irin su Filinga da Sabere da Chappal Hendu, ta ce mazauna su ci gaba da noma da kiwo bisa sharuɗɗa. Abin da ya kai Fulani saman tuddai shi ne babu ƙudan tsando a can, ga ciyawa ga ruwa. Ina za ka kai su? Ƙasa, inda manomi da makiyayi suke ta faɗa a kan ɗan abin da ya rage?

Ƙuna kuma, makiyayi yana yi ne don sabon tsiro ya fito wa shanu a rani. Ban ce babu ɓarna ba. Wutar da aka sa a makare, lokacin da komai ya bushe ƙayau, tana cin bakin kurmi, shekara bayan shekara kurmin yana ja da baya. Kuma garken da ake korowa daga nesa, waɗanda ba 'yan wurin ba, su ne suka fi wuce iyaka. Amma wanda ya san sawun ɓarawon daji, ya san baƙon fuska, ya kai wa malaman daji labari, shi ne mazaunin nan da kake cewa a kora.

Sadiya Mai Binciken Dabbobi:
Kowannenku yana da gaskiya a wani gefe. Cuɗanyar shanu da namun daji tana da haɗari, annobar bushiya ta farkon shekarun 1980 ta kashe shanu ta kuma taɓa ɓauna. Kuma kurmin kan duwatsun nan shi ke riƙe ruwan da ke gangarowa kogin Taraba ya shiga Binuwai, in ya tafi masunta da manoman fadama na ƙasa za su ji a jikinsu. Sai dai korar mutane da ƙarfi ta sha jawo gaba tsakanin gandu da maƙwabtansa a wurare da yawa a Afirka. Ni na fi karkata ga a riƙe mazaunan asali, a taƙaita yawan shanu, a tsara lokacin ƙuna da wuri, a kuma sa su ga amfanin gandun a aljihunsu.

Injiniya Nura:
Ban gamsu duka ba, musamman kan yawan shanu, wa zai ƙirga wa zai hana? Amma ban san doka ce ta ware musu ba.

Buba Mayo Ndaga:
Maganar aljihu da Sadiya ta yi ita ce ta shafe ku, Auwal. In kun isa ƙauye, wurin Jauro, wato mai garin, za ku fara zuwa ku yi gaisuwa, malamin daji zai gabatar da ku. Ku riƙo ɗan abin hannu: sukari, ganyen shayi, goro, sabulu. Za a kawo muku kindirmo a ƙwarya, wani lokaci da man shanu yana yawo a kai, ku karɓa da hannu biyu ku sha. Mai masauki ba zai ce ku biya ba, amma ku bar wani abu a hannun uwargida in za ku tafi. 'Yan dako da 'yan acaɓa ku ɗauki na wurin, ku yi ciniki a gaban malamin daji kafin a tashi, har da wanda zai ciyar da su, kuma kar ku matse su a kan ɗan canji, mutumin da zai ɗauki jakarka ya hau dutse da ita. Hoto kuma a tambaya, musamman mata. Kar a ɗaga waya a fuskar matar mutum.

Baffan Serti:
Buba ya gama magana. In ƙara: ku riƙe katin shaidar ɗan ƙasa, akwai shingayen jami'an tsaro a hanya kuma ƙololuwar dutsen a kan iyaka take. Yankin nan gaba ɗaya a da ƙarƙashin Jamus yake, har yanzu akwai kufan ganuwarsu a tudun Gashaka. Bayan yaƙin duniya na farko ya koma hannun Ingila, sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 mutanen nan suka zaɓi Najeriya, aka kira wurin lardin Sardauna. Shi ya sa ƙaramar hukumar Gembu take amsa sunan Sardauna. Dangi suna nan a tsallake ta kowane gefe, amma ku baƙi kar ku gangara ɓangaren Kamaru da sunan yawo.

Maman Iman:
Guzuri fa? Ni na saba in za a yi tafiya in cika kula da abinci.

Ɗan Gembu:
Anti, kula ta tsaya a mota. Abin da ba ya lalacewa kuma ba nauyi: garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari, dambun nama ko kilishi, dabino, gyaɗa, taliyar Indomie, kayan shayi, ƙaramar tukunya. Shinkafa da mai da albasa ku saya a Nguroje. Tsabar kuɗi ku ciro tun daga Jalingo ko Serti, ƙananan takardu, don a ƙauye ba mai karɓar tiransifa. Fawa bank, tocilar goshi, leda babba ta rufe jaka ko da ruwan bazata. Daga Nguroje zuwa sama da dawowa ku ware kwana 3, kar ku yarda wani ya ce muku a yini ɗaya za a yi a dawo.

Auwal Zazzau:
Mun yi waya da sauran yanzu. Huɗu sun zaɓi dutse, biyu kurmi, don haka dutse za mu hau bana, Kwano sai wata shekarar in Allah ya kai mu, mu ba ta nata makon. Tsarin: mu kwana Jalingo, washegari Serti mu gama da ofis mu aje mota, sannan mu hau Mambila da motar haya. Za mu nemi a ƙara mana kwana biyu a wurin aiki don lissafin Baffa ya nuna mako ba zai isa ba. Atisaye daga gobe bayan Asuba. Maman Iman, in ku ma kun shirya, a haɗa tafiyar, sai maigidanki ya yi mini magana ta akwatin sirri.

Maman Iman:
Zan gaya masa in ya dawo daga kasuwa. Yara kakarsu za ta riƙe. Anti Nas, ƙanwata tana da asma amma ta daɗe ba ta tashi ba, ita ma sai ta ga likita?

Nas Hadiza:
Ta gan shi. Sanyi da ƙura da hayaƙin itace a ɗakin kwana duk suna iya tayar da ita. Ta riƙe abin shaƙarta guda biyu, ɗaya a aljihunta ɗaya a jakarki, kuma malamin dajin da zai raka ku ya san da zancen tun kafin ku tashi.

Baffan Serti:
Auwal, in kun sa rana ka sanar da ni a nan. Ku yi ƙoƙari ku iso Serti ranar aiki kafin a tashi daga ofis, in kuka faɗo yammacin Juma'a kuna iya zaman jira. Mai kuma ku cika tanki a Jalingo.